Muryoyin Cikin Akwati: Tambayoyi da Amsoshi kan Makaɗa da Marubutan Zamanin Rediyo

Tun da na ajiye alli na dawo gida Ƙauran Namoda, labari ya bazu cewa akwai wani tsohon malamin makaranta mai adaka biyu cike da kaset-kaset na da. Shi ke nan na rasa sakat. Ɗalibai masu rubutun kammala karatu suna zuwa daga Gusau da Mafara, na Birnin Kebbi da Jega kuma sai dai waya, wani lokacin ina tsakiyar cin tuwo. Tambayoyinsu kusan guda ne, ni kuma bakina ya gaji da nanatawa, don haka na tattara amsoshin wuri ɗaya. Wanda ya ga na fi daɗewa a kan mutanen Zamfara da Kabi ya yi mini uzuri, su na tashi ina ji.

Yaushe rediyo ya fara Hausa, kuma ta ina ya shigo mana?

Rediyon farko da aka kawo Nijeriya mai waya ne. Turawa sun fara shi a Ikko cikin shekarun 1930, ya iso Kano a 1944. Akwati ne da ake kafawa a bango, a jawo masa waya daga ofishin da ke karɓo shirye-shirye, mai gida ya riƙa biyan kuɗin haya. Abin da aka turo shi za ka ji, iyakar ikonka ka ƙara murya ko ka rage. A manyan birane akan kafa lasifika a bainar jama'a saboda waɗanda ba su da halin haya. A 1951 gwamnati ta kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, a 1957 ta zama NBC mai reshe a Kaduna. A 1962 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan na rediyo da talabijin, wanda duk ƙasar nan ta sani da Rediyo Kaduna. Shi ne uban tafiya a duk abin da zan faɗa nan gaba.

Waya ba ta zo garuruwanmu ba. Mu jirgin ƙasa ya kawo mana rediyo. Dogo ya iso Gusau da Ƙaura tun 1929 saboda gyaɗa da auduga, kuma duk wani sabon abu ta nan yake biyowa, daga keken ɗinki har garmaho. Na farko manya ne masu batir kamar tubali, ba ka ganinsu sai gidan hakimi ko alƙali ko babban mai awon gyaɗa. Da ƙananan nan masu cin batirin tocila suka fito, cikin shekarun 1960, sai talaka ma ya shiga sahu.

Mahaifina da kuɗin gyaɗar kaka guda ya sayi nasa, Philips. An ɗinka masa riga ta yadi, an huda wajen lasifika da wajen maɓalli. Idan batir ya yi sanyi sai a aike ni in jera su bisa danga su sha rana, da yamma a mayar. Babu wanda ke taɓa maɓallin nan sai shi, kuma allurar ba ta cika barin mita 49 ba, inda Kaduna take.

Wa ya fara magana da Hausa a BBC?

Malam Aminu Abdullahi Malumfashi, ranar 13 ga Maris 1957, a wani shiri na minti 15. Abin da 'yan Zamfara ba su cika sani ba shi ne akwai namu a cikin muryoyin farko: Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda ya rubuta Wasan Marafa tun a 1949. Jamus da Sin sun buɗe nasu sassan Hausa a 1963, Muryar Amurka sai 1979. Mutanen bakin iyaka, irin su Kamba da Kangiwa, suna da ƙarin tasha kusa da su, ta Yamai.

Me ya sa makaɗan ƙasar Sakkwato suka cika Rediyo Kaduna haka?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi mini. Ku tuna a lokacin babu Jihar Kebbi, babu Zamfara. Kebbi sai 1991, Zamfara sai 1996. Duk Lardin Sakkwato ne, kuma lardi ne mai yawan gidajen sarauta. Ka ƙirga daga gabas: Sarkin Katsinan Gusau, Sarkin Fulanin Bunguɗu, Sarkin Kiyawan Ƙaura, Sarkin Zamfaran Zurmi da na Anka, Sarkin Ƙayan Maradun, Sarkin Burmin Bakura, Sarkin Mafara, Sarkin Gobir na Isa. Ka juya yamma ga Gwandu, ga Kabin Argungu, ga Yawuri. Kowane gida yana son makaɗinsa ya fi na maƙwabci, kuma a kowane gida akwai 'yan sarki masu jiran gado, wato akwai wanda za a yaba, akwai wanda za a yi wa zambo. Inda kasuwar waƙa ta kai haka, dole a sami gwanaye. Rediyo ya zo ya tarar da tukunya ta riga ta nuna, shi kwashewa kawai ya yi.

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, can arewa da mu wajen Shinkafi da Isa, makaɗin kotso (gangar fada) na Sarkin Gobir Ahmadu. Salihu Jankiɗi daga Rawayya ta ƙasar Bunguɗu ya fito, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo an haife shi a ƙasar Bakura, ya tashi a Maradun cikin gidan kiɗa, ya yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya ja nasa ayari, ya rayu har 1991. Sa'idu Faru ya kama ubangidansa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Mafara, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi. Aliyu Ɗandawo ɗan Shuni ne, amma Argungu da Yawuri suka ci moriyar bakinsa, ɗansa Sani ya gaje shi a Yawuri.

Sai dalili na biyu, wanda wasu ba sa son a faɗa: Firimiya ɗan lardin ne. Sardauna Ahmadu Bello ya zauna Gusau tun 1938 yana duba gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi, saboda haka ya san makaɗan nan tun kafin ya san kujerar Kaduna. Gidan rediyon na gwamnatinsa ne. Ɗanƙwairo ya yi masa waƙoƙin da har yau da an sa su sai ka ga dattijo ya yi shiru. Ban ce don haka kaɗai aka riƙa sa su ba, domin Mamman Shata na Katsina da Ɗan Maraya na Jos ba su da wannan gata kuma sun cika ko'ina. Amma ƙofa ta fi saurin buɗewa ga wanda mai gida ya san muryarsa.

A cikinsu wa ya fi?

Ba a raba wannan gardama a majalisa ba, ba kuwa ni zan raba ta a takarda ba. In ra'ayina ake tambaya, Narambaɗa. Ɗanƙwairo ya fi shi zaƙin murya da tsarin amshi, yaransa in suka karɓa kamar bakin mutum ɗaya. Jankiɗi ya fi shi kwarjinin fada. Amma wajen ɗora magana bisa magana, a yi wa mutum zambo ba a kama sunansa ba kuma duk gari su gane shi, Narambaɗa daban yake. Ya rasu a farkon shekarun 1960, wato abin da na'ura ta kama daga gare shi na ƙarshen rayuwarsa ne, murya ta riga ta manyanta.

Waƙar da muke ji a faifai, haka ake yin ta a fada?

A'a, kuma wannan shi ne babban abin da nake so ɗalibai su riƙe, don na ga da yawansu suna rubuta waƙa daga kaset su ce ga waƙar wane cikakkiya.

Waƙar fada ba ta da tsayayyen tsawo. Akwai gindi, wanda 'yan amshi ke komawa gare shi, akwai ɗiya, waɗanda makaɗi ke ƙarawa ko ragewa gwargwadon wanda ke zaune. Idan Galadima ya shigo ana cikin waƙa, sai a saka shi. Idan wani ɗan sarki ya yi rowa a sallar da ta wuce, sai ya ji nasa a wannan sallar. Sanƙira yana gefe yana fassara wa jama'a, yana zuga, yana shelar kyauta: an ba da riga, an ba da doki. Mai kyauta ya ji an ambace shi ya ƙara, makaɗi ya ji an ƙara ya ƙaro ɗa. Waƙa ɗaya tana iya cin rabin dare, kuma gobe in an sake ta ba za ta fito daidai da ta jiya ba.

To ka ɗauki wannan ka kai ɗakin ɗaukar murya. Faifan garmaho na da, fuska ɗaya minti uku ne da 'yan kai. Tef mai faifai biyu ya fi shi tsawo, amma shirin rediyo yana da lokacinsa, mai gabatarwa yana duban agogo. Babu sarki a zaune, babu doki a ɗaure, babu abokin gaba da za a harara. Kotso kuma ganga ce mai kaifin sauti, in ta matso kusa da makirufo sai ta danne murya, dole a ja makaɗa baya. Makaɗi zai zaɓi ɗiyan da ya ga sun dace da kunnen duniya, ya bar waɗanda in an ji su a wani gari za su ja masa rigima. Zambon da ya fi zafi sau da yawa a zauren da aka yi shi ya kwana.

Sai abin ya juya. Da rediyo ya nanata wannan guntun sau ɗari, shi ya zama waƙar a kunnen mutane. Na taɓa zama wajen wani biki a nan Ƙaura, wani ɗan gidan kiɗa yana rera waƙar mahaifinsa, ya kawo wani ɗa da ba ya cikin kaset. Wani saurayi a bayana ya ce wai ya yi kure. Wani dattijo ya waiwayo ya ce masa, "Yaro, kai kaset ka sani, shi kuwa ubansa ya sani."

Duk da haka ba na raina abin da rediyo ya yi. Kafin shi, manomin Kwatarkwashi zai iya tsufa ya mutu bai taɓa jin makaɗin Sarkin Yawuri ba. Waƙar sarki ta sarki ce, sai ka je ƙofarsa ran salla ka tsaya daga nesa. Rediyo ya ɗauko ta ya ajiye a teburin mai shayi, har mai facin keke yana gyara taya yana bin amshin kotso.

Marubuta waƙoƙi fa, su ma sun shiga?

Sun shiga, kuma rediyo ya yi musu rana fiye da kowa. Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa ake yin ta. Tana da ma'auni da amsa-amo, ba ta da kiɗa, murya ce kaɗai. Tun zamanin Shehu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u haka take tafiya, malami ya rubuta da ajami, almajirai da makafi su haddace su bi gari da ita. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, mai karatun boko ɗaya ne zai karanta wa mutum goma a gindin bishiya. Rediyo ya ɗauke wa mutane wahalar neman mai karatu.

Namu a nan shi ne Alhaji Aƙilu Aliyu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa Bakano, alhali a Jega aka haife shi. Neman ilmi ya kai shi Kano, ya daɗe a Borno, ya komo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. Ɗan NEPU ne na gaske, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano. Wanda ya karanta Fasaha Aƙiliya a aji bai ji shi yana rerawa da bakinsa ba, rabin abin ya samu, domin wasan da yake yi da harufa sai a kunne yake fitowa. A Birnin Kebbi akwai Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa, shi ma gwanin alƙalami. Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, kafin siyasa ta ɗauke shi, ya rubuta Waƙar Nijeriya don koya wa yara labarin ƙasa, kuma ya yi shugabancin makaranta a Argungu. Daga wajen lardinmu akwai Aliyu Namangi na Zariya, da Abubakar Ladan wanda waƙarsa ta haɗin kan Afirka ta zama kamar take a Rediyo Kaduna, da Mudi Sipikin wanda ƙungiyarsa ta Hikima ke da fili a rediyo a Kano.

Wasan kwaikwayo na rediyo ya girmi na littafi?

Wasu daga cikin waɗanda aka karantar da ku a sakandare a rediyo aka haife su. Shu'aibu Maƙarfi ya fara yin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu ne don masu saurare, daga baya aka buga su. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Shi ya sa in ka lura mutanen ciki suna yawan kiran sunan juna da yin sallama, don mai saurare ya san wa ya shigo. Samanja na Usman Baba Pategi ya zo daga baya, bayan ya yi aikin soja, da Hausarsa ta bariki wadda yara muka riƙa kwaikwayo har malamai suna dukanmu.

A makarantu kuwa wasa ya riga rediyo. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya bar aiki a 1950, ya daɗe yana rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, yana soka wa masu mulki magana a cikin raha.

Malamai ba su hana ba?

Da farko an yi ɗari-ɗari. Akwati mai magana, ga kiɗa a ciki, ga shi daga hannun Nasara, dole dattawa su yi tsaki. Akwai gidajen da aka ce kada ya ƙetare zaure. Abin da ya kashe gardamar shi ne karatun Alƙur'ani da ake buɗe tasha da shi, sannan tafsirin azumi. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi a nan Zamfara, wanda shi ma ya koyar a Maru kuma ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, tafsirinsa na masallacin Sultan Bello ya fara fita a Rediyo Kaduna a 1967. Masu goyon bayansa da masu jayayya da shi duk sai da suka kunna, waɗannan don su ƙaru, waɗancan don su sami abin mayar da martani. Daga baya aka ba Shaihu Ɗahiru Bauchi nasa fili. Daga nan babu mai cewa rediyo kayan shaiɗan ne, sai dai a ce a rage murya in an zo kan goge.

Ina mata a wannan labari?

A wajen saurare su ne kan gaba. Matar kulle ba ta zuwa ƙofar fada, ba ta zuwa dandali, amma in mai gida ya fita gona ya bar rediyo, duniya ta shigo mata tsakar gida. Shirin gaishe-gaishe na Zaɓi Sonka ya sa matan da ba su taɓa ganin juna ba sun san sunayen garuruwan juna.

Kakata, wadda muke kira Inna, duk sanda mai labarai ya yi sallama sai ta gyara lulluɓi ta amsa masa cikakkiya. In ya gama jawabi da Hausarsa ta Kaduna sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi yac ce?" In ce, "Inna, cewa ya yi za a yi ƙidaya." Ta ce, "To shi faɗi hakanan mana." Amma da an sa Narambaɗa ba ta neman tafinta, ni ke neman ta. Ita ta fara warware mini cewa wani ɗan waƙa da nake ɗauka labarin dabba ne, da wani ɗan sarki ake.

A wajen makirufo kuwa ba su kai maza yawa ba. An ji 'yan amada masu kiɗan ƙwarya, irin su Uwaliya ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, an ji marubuta irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Amma waƙoƙin daka da niƙa da reno da na gaɗa, waɗanda kowace unguwa a Zamfara da Kabi take da nata, kaɗan ne aka bi su har gida aka ɗauka. Injin niƙa ya zo ya kashe na niƙa muna kallo.

Gaskiya ne an yi amfani da makaɗa wajen siyasa da farfaganda?

Gaskiya ne, kuma ba a ɓoye ba. Makaɗin fada bayan ubangidansa yake, iyayen gida kuwa galibinsu NPC suke, jam'iyyar Sardauna mai mulki. Mawaƙan NEPU sun fi dogara da dandalin lacca da bakin jama'a, don ba a sa ran gidan rediyon gwamnati ya buɗe wa mai zagin gwamnati ƙofa. Saboda haka wanda zai auna siyasar shekarun nan da abin da ya rage a faifai kaɗai zai ɗauka kowa ɗan jam'iyya ɗaya ne.

Ranar 15 ga Janairu 1966 ta wannan gidan rediyon Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa bayan an kashe Sardauna. Ina yaro, amma ban manta yadda mutane suka cika zaurenmu ba, babu mai magana, mahaifina ya ɗora hannu bisa akwatin kamar mai jin zafin jikin majinyaci. A yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, makaɗa da marubuta suka koma waƙoƙin soja. Bayan yaƙi aka sa su aikin wayar da kai: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Tsofaffi da yawa a waƙa suka koyi lissafin sabon kuɗi.

Makaɗan maza fa, irin na dambe da tauri?

Su ma ƙasarmu ce matattararsu. Ɗan Anace na Gandi ya ɗaukaka Shago har wanda bai taɓa zuwa fagen dambe ba ya san sunansa. Illon Kalgo yana can Kabi da nasa 'yan damben. Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta ne, kalangunsa in ya tashi sai ka ga mutum natsattse ya fara tsuma. Gambu na Fagada a ƙasar Maiyama, mai waƙar ɓarayi, ya zo daga baya, kuma kaset ya fi yaɗa shi, ta tasha da kasuwa, don ba irin abin da gidan gwamnati zai yi alfahari da shi ba ne. Ga nawa ganin, waɗannan sun fi makaɗan fada asara a ɗakin ɗaukar murya. Kiɗan dambe ba ƙura, ba ihun 'yan kallo, ba ɗan damben da ke kirari, ya zama miya ba gishiri.

Ana biyan su?

Akan ba su ɗan abin da aka ba su na ɗauka, shi ke nan, a yi ta sa faifan shekara da shekaru. Ribarsu suna ne. Wanda aka ji shi a Kaduna, gayyata za ta zo masa daga garin da bai taɓa takawa ba, kyauta kuma ta tashi daga riga da doki ta koma mota da kujerar Makka. 'Yan amshi da masu riƙe ganga, waɗanda rabin daɗin waƙar nasu ne, ko sunansu ba a faɗa.

Ina jin waƙoƙin amma ba na gane rabin kalmomin. Laifina ne?

Ba laifinka ba ne, musamman in a birni ka tashi. Rediyo ya yi abu biyu masu karo da juna. Labarai da Hausar boko ake karanta su, mai kama da ta Kano, ita ta bi makaranta ta bi rediyo ta shiga bakin 'ya'yanmu. Waƙa kuma ta tsaya da harshen gida. Makaɗin Zamfara zai ce munka da sunka inda littafi ya ce muka da suka, ya ce shina maimakon yana, tahi maimakon tafi, hwari maimakon fari, ɗiya maimakon 'ya'ya, yaz zo maimakon ya zo. Wannan mako guda ya isa kunne ya saba. Mai wuyar ita ce kalmomin sarauta da na doki da na yaƙi, da sunayen kakannin wanda ake yi wa waƙa. Nan sai ka nemi tsoho, ko ka duba ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, waɗanda suka bi makaɗan nan da iyalansu gida-gida suka rubuta.

In za ka rubuta waƙar a takarda, don Allah rubuta ta yadda ya faɗe ta. Na ga kundin da ɗalibi ya "gyara" wa Sa'idu Faru Hausa, ya mayar da shi Bakano.

Ina zan sami waɗannan muryoyi yanzu?

Da yawa daga na asali suna taskar Rediyo Nijeriya Kaduna, wanda ya gaji tsohon gidan a 1978. Akwai wasu a gidajen rediyon jihohi da sassan Hausa na jami'o'i. Masu tura waƙoƙi a waya a kasuwar Gusau da ta Jega suna da tarin da zai ba ka mamaki, haka YouTube da Facebook. Sai dai a yi hattara da sunayen da ake liƙa musu. Na sha ganin waƙar Sa'idu Faru an rubuta Ɗanƙwairo, don duk kotso ne. Hanya mai sauƙi ita ce ka saurari wanda ake yi wa waƙar da garin da ake ambata, sannan ka jira inda makaɗin zai kira sunan kansa ko na yaransa, don da wuya su gama ba su yi ba.

Na taɓa zuwa wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba, neman wata hira da aka yi da wani tsohon makaɗi. Aka kai ni wani ɗaki a baya, rufi yana yoyo, tef-tef a zube a ƙasa cikin kwalaye, gara ta ci takardun da ke jikinsu. Ma'aikacin da ya raka ni ya ce ko na sami wanda nake nema, na'urar da ke juya shi ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki. Na dawo hannu rabbana.

Za ka ba ni aron kaset ɗinka?

A'a, ɗana. Na taɓa ba wani ɗalibi guda bakwai, har da wata ta Jankiɗi da na naɗa da kaina daga rediyo ina saurayi, yau shekara huɗu ke nan lambarsa ba ta shiga. Ka zo da wayarka bayan la'asar, in shimfiɗa maka tabarma ka naɗa a gabana.

In kuma a gidanku ka tono wasu a adakar kaka, kada ka yi garajen jefa su a rikoda. Ka fara zura biro ka juya zaren a hankali daga farko har ƙarshe, don in ya manne ya saki. Ka goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit, ka sa sabon batir, don mai sanyi yana jan murya ya mayar da Ɗanƙwairo kamar mai mura. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi da siririn salatif ta bayansa. In ka naɗa, ka rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa waƙar da garinsu, ka ƙara da sunan wanda ya gaya maka. Ranar Juma'a kada a zo, ina zuwa ƙauye.